Kalmar Sirrin Malam Jafaru

Karo na uku ke nan Alhaji Sama'ila yana shiga gidan Malam Jafaru da ledar lemo, ya ajiye ledar, ya fito bai faɗi maganar da ta kai shi ba. Ina zaune a dakalina na ga ya jingina da mota yana sosa ƙeya. Fadila, mataimakiyar Malam Jafaru a ofis, ta tambaye shi ko ya faɗa. Ya girgiza kai.

"Wallahi na kasa," in ji shi. "Mutum yana kwance, in ce ya ba ni makulli? Ai kamar na ce masa ba zai tashi ba ke nan."

Ni sunana Ɗantsoho, tsohon direban babbar mota, kuma shekara goma sha huɗu katangarmu ɗaya da Malam Jafaru a nan Daura. Ban yi boko mai nisa ba, amma na san aikinsa, domin duk unguwarmu babu inda sabis ke kamawa kamar dakalina, ƙarƙashin darbejiya. Kamfanin Alhaji rijiyar burtsatse yake haƙawa, har ƙauyukan Mashi da Mai'adua. Suna da wata manhaja da ke riƙe da komai: ƙauyen da ke kan layi, zurfin da aka kai, inda kowace motar haƙa take. Malam Jafaru ne mai tsaronta. Duk wata masu manhajar sukan turo gyaran da ke toshe kafar da masu kutse za su bi, shi kuwa ya ɗauko kwamfutarsa ya zo dakalina ya saka.

Yana da tsarinsa da ba ya tsallakewa. Sai ya kira shugaban kowace tawaga a waya, ya gaishe shi, ya tambayi iyali, sannan ya ce a adana aiki, zai rufe na rabin awa. Sai ya kwafi komai ya ajiye. Sai ya gwada gyaran a wata tsohuwar kwamfuta da yake kira Hajiya Babba. In ba ta yi gardama ba, sannan ya taɓa babbar ta ofis. Na sha tsokanarsa cewa gaisuwar ta fi aikin tsawo, ya ce ai gaisuwar ma aiki ce.

To, ciwon ƙoda ya kwantar da shi. An dawo da shi daga asibiti a Katsina, kuma duk wanda ya ga yadda aka dawo da shi ya gane. A makon ne aka turo gargaɗin gaggawa cewa an gano wata babbar kafa, har an kulle wa wasu kamfanoni bayanansu. Bayan Alhaji ya ja mota, Fadila ta zauna a gefen dakalin ta yi mini bayani. Ta riga ta gwada gyaran a kan Hajiya Babba, lafiya lau. Amma babbar ta ofis ba ta buɗuwa sai da kalmar sirrin Malam da wani ɗan makulli mai kama da filashi, wanda ke rataye cikin makullan gidansa. In masu kutse suka riga su shiga, layin ƙauyuka arba'in da ke jiran ruwa ya watse, ga rani ya kunno kai.

"Baba, ni ɗalibarsa ce," ta ce. "Bakina ba zai iya ba."

Matata takan ce tun da aka yi rabon kunya ina kan hanyar Legas. Ranar dai abin ya yi amfani. Na zura takalmi na yi sallama.

Na same shi a jingine da matashi biyu, ya rame, amma idonsa tar. Lemon Alhaji ya taru a faranti har ya fara yamutsewa. Matarsa Ummukulsum ta gaishe ni ta koma bayan labule. Muka gaisa, na tambayi jiki, ya ce da sauƙi. Sai na ce masa mutanen ofis suna neman makulli, kunya ta hana su tambaya.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce kwana shida yana jira. Ya ga gargaɗin a wayarsa, abin yana cin sa fiye da ciwon. Duk shigowar Alhaji sai ya gyara zama, Alhaji kuwa ya yi addu'a ya tashi. Na ce to me ya hana shi miƙawa? Ya nuna labule da ido, ya rage murya: ba ya so ta ji yana raba kayan amana, hankalinta ya tashi.

Sai muka ji muryarta daga bayan labulen, a natse.

"Malam, ai tun a Katsina na sani. Ka sauke nauyin mutane."

Na ji tausayinsu, na kuma ji sun burge ni: kowa yana ta lallaɓa ɗan'uwansa, alhali kowa ya sani.

Bayan La'asar ni da Alhaji muka ɗauko shi a kujerar roba zuwa dakalina. Ya ce Fadila ta riƙe kwamfutar, shi ba zai taɓa ba. Wayar kawai ya karɓa. Ya kira shugabannin tawaga huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi iyali, ya ce a adana aiki. Na Mashi ya tambaye shi jiki, ya ce alhamdulillahi, daga yau muryar Fadila za su riƙa ji. Ya ciro ɗan makullin daga zoben makullan gidansa ya ba ta, ya faɗa mata kalmar a hankali. Ta kwafi komai, ta saka gyaran, allon ya yi duhu.

Alhaji ya yi ta kai da kawo yana jan carbi. Malam Jafaru kuwa ya ce a ɓare masa lemo ɗaya, ya tsotsa, ya ce ashe yana da zaƙi. Can sai allon ya haska. Fadila ta duba ta ce ƙauyuka arba'in suna nan cif.

"Saura ɗaya," in ji Malam. "Canza kalmar."

"Malam, a bar ta mana, in ka samu sauƙi..."

"Fadila, kalmar da mutum biyu suka sani ba ta sirri ba ce. Na koya miki wannan."

Ta ɗora yatsunta a kan madannan, hawaye na zuba. Shi kuwa ya juya fuskarsa ga gindin darbejiya, bai waiwayo ba sai da ta ce ta gama. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce a mai da shi ciki, barci yake ji. Ummukulsum ta ce rabonsa da barci irin na ranar tun kafin ciwon.

Ranar Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Ma'aikatan haƙa sun zo jana'iza daga Mai'adua a kan babura, da laka a ƙafar wandonsu. Na yi kewarsa sosai, amma ban taɓa ganin wanda ya tafi da sauƙin zuciya kamarsa ba.

Da wata ya zagayo, Fadila ta yi sallama da kwamfuta a jaka, ta ce sabis ɗin ofis yana wasa. Na share dakali na shimfiɗa mata tabarma. Ta kira na Mashi, ta tambayi iyali, ta ce a adana aiki. Da ta zo saka kalmar, ni da ko harafin Turanci ba na haɗawa, sai na juya fuskata ga darbejiya.