Shafin da Aka Yage

A shagon Malam Isyaku da ke Ƙofar Mazugal ake karɓar aron littattafan hikaya. Yakan yi wa kowane littafi bango da tsofaffin fastocin zaɓen da ya dawo da mulkin farar hula, sannan ya ɗinka farar takarda a baya don mai karatu ya rubuta ra'ayinsa.

Ranar Asabar da hantsi Nana Aisha ta shigo. Ita ce ta rubuta Baƙon Kududdufi, labarin Nazeer, saurayin da ba ya rayuwa sai da jinin mutum. A littafi na biyu ya ƙi shan jinin kowa saboda Binta da yake so, a shafin ƙarshe kuma ƙishi ya kashe shi. A nan ta yi niyyar rufe labarin. Ta zo ne ta ga ko masu karatu sun yarda a bar Nazeer a kabari.

"Malama, yau an zo shan zagi ke nan?" in ji Malam Isyaku, yana miƙa mata littafinta na biyu.

"In akwai ai sai in sha."

Ta zauna a benci ta buɗe bayan littafin. Wata ta rubuta cewa Binta ta cika kuka. Wani mai suna Garba ya tambaya yaya aka yi Nazeer ya ratsa Kasuwar Kurmi da tsakar rana, alhali a littafi na ɗaya rana na ƙona shi. Ta yi murmushi, don gaskiyarsa ne. Amma abin da ya ɗaure mata kai, kusan kowa tambaya yake yaushe Nazeer zai tashi daga suman da ya yi.

"Wane suma kuma? Mutuwa ya yi."

Ta duba ƙarshen labarin. Babu shafin. An yage shi a hankali daga jikin zaren.

"Wallahi ban lura ba," in ji Malam Isyaku. "Mutum goma sha bakwai suka are shi, wataƙila a haka suka karanta shi."

A ƙasan takardar ta ga wani ƙaramin rubutu da fensir.

"Ni Sumayya daga Zaitawa, ni na yage, a yafe mini. Ƙanena Umar yana da sikila, ni nake karanta masa idan ciwon ya kwantar da shi. Sau huɗu ana ƙara masa jini. Kawunmu ya bayar, maƙwabcinmu ya bayar, har wani mai ɗinkin hula da bai san mu ba. Umar ya ce shi ma ai da jinin mutane yake rayuwa, kamar Nazeer. Shi ya sa ban karanta masa ƙarshen ba. Tambayata ita ce, duk garin nan na cikin littafinki, babu wanda ya ce wa Nazeer ga nawa?"

Nana Aisha ta sake karanta rubutun. Wata takwas ta yi tana rubuta littafin, hanya biyu kawai ta ba Nazeer, ko ya ƙwaci jini ko ya mutu. Ko sau ɗaya bai zo mata a rai ba cewa ana iya ba shi.

"In sa a nemo miki yarinyar ta dawo da shafin?" in ji Malam Isyaku.

"A'a, bar mata. Yaushe take zuwa?"

"Duk Laraba, bayan Islamiyya. Kullum sai ta tambayi na uku."

"Me kake ce mata?"

"Me zan ce? Ke kika ce babu."

Ta ari bironsa, ta rubuta a ƙarƙashin rubutun Sumayya: "Ki gaya wa Umar suma ne. Binta tana hanya, kuma ba ita kaɗai ba ce."

Da ta fito sai ta tsaya a teburin mai kayan makaranta ta sayi sabon littafin rubutu. Aikin da ke gabanta shi ne yadda za ta tashi mutumin da masu karatu a wasu wurare suka riga suka ga gawarsa.