Ƙwayar da Ta Yi Alkafura

Aminat malamar lissafi ce a wata sakandare a Kontagora, tana kuma karatun digiri na biyu a Minna. Bincikenta a kan wata 'yar mitsitsiyar jaka ce mai siririyar fata, kamar jar ƙwayar jini, da yadda take tafiya idan ruwa ya ɗauke ta. Ba ta da ɗakin gwaji. Lissafi take ba kwamfuta, kwamfutar ta zana mata motsin jakar daki-daki.

Wata bakwai jakar na tafiya salin-alin, ta ɗan karkata, fatar na kewaya ruwan cikinta. Ran wata Talata, bayan an tashi makaranta, Aminat ta ƙara wa ruwan cikin kauri. Sai ga jaka tana alkafura, kai ƙasa, kai sama, ba tsayawa.

Ta tura wa malaminta, Dokta Lukuman, wanda gwanintarsa a kan ruwan bututu take. Bai jima ba ya kira.

"Kuskure ne, Aminat. Ki koma kan lambobinki na da."

"Malam, na ninka ɗigogin da kwamfuta ke zana fatar da su sau huɗu, na rage tazarar lokaci. Alkafurar tana nan yadda take. Da kuskure ne, da ta canza."

"Kin faye taurin kai."

"A ba ni kwana uku, Malam."

Washegari ta hau acaɓa zuwa wajen Francis, abokin karatunta na firamare, wanda ke aiki a wani ƙaramin ɗakin gwajin jini kusa da kasuwa. Ta nuna masa hoton jakar tana alkafura, ya yi dariya.

"Wannan? Miƙo yatsa."

Ya tsira mata allura, ya gauraya ɗigon jinin da ruwan gishiri a kan gilashi, ya rufe, ya sa ƙarƙashin madubin likita. Da ya ɗan danna gefen gilashin sai ruwan ya gangara. Aminat ta kafa ido. Ga ƙwayoyin jininta suna wucewa, da yawansu suna birkicewa daidai yadda jakarta ke yi.

"Kullum ina ganin abin nan," in ji Francis. "Ban taɓa sanin akwai mai lissafa shi ba."

Ta ɗora wayarta a bakin madubin ta ɗauki bidiyo. Ta haɗa da na kwamfutar ta tura wa Dokta Lukuman.

Sai bayan la'asar Dokta Lukuman ya kira.

"Na duba, na kuma karanta. Ashe masana sun san wannan juyin, ni ne ban sani ba. Lissafinki ya kamo shi da kansa. Ki zo Litinin ki nuna wa malaman sashenmu."

"In sha Allahu, Malam."

Suna gama magana ta kira Francis.

"In wani mai sikila ya yarda, ina son ganin yadda nasa ƙwayoyin ke tafiya."

"Ƙanwata Miracle za ta yarda," in ji shi. "Ki zo Asabar da safe."