Gwiwar Yazan

A wata kwalejin koyon sana'a da ke Jidda, duk ɗalibin da ya taɓa sa rigar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ya ji sunan Abdulghani, ko da bai san fuskarsa ba. A filin wasa Jidar ake ce masa, wato katanga. Mai tsaron baya ne, kuma a zamaninsa ne kwalejin ta ɗauki kofin da har yau take alfahari da shi. Haifaffen Jidda ne, jikan wani alhaji da ya zo daga ƙasar Katsina bai koma ba. Yanzu ya haura hamsin, yana da shagon gyaran na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Aziziyya, tumbi kuma ya fara tura jallabiyarsa gaba.

Wata safiya Othman ya kira shi. Tare suka buga a da, yanzu shi ne kocin kwalejin.

"Ya Jidar, an zaɓi gwanayen da kwalejin ta taɓa yi tun kafuwarta. A 'yan baya babu wanda ya yi musu a kanka. Za a ba ku lambar yabo, sannan ku tsofaffi ku ɗan taɓa da yaran yanzu. Wasan nishaɗi ne kawai."

Abdulghani ya amsa tun kafin Othman ya rufe baki.

Da ya gaya wa matarsa Maimuna, sai ta dube shi daga sama har ƙasa. "Abu Nuha, ka karɓi lambarka ka nemi kujera ka zauna. Kai da kake haki in ka hau bene?"

"Hakin bene daban, fili daban," in ji shi, yana dariya. Da yamma ya je ya sayo takalmin ƙwallo sabo fil, ya riƙa gwada shi a tsakar falo har maƙwabcin ƙasa ya bugo waya.

Ranar bikin, bayan la'asar, filin ya cika. An jera manyan hotunan gwanayen a jikin shinge, nasa yana tsakiya: saurayi siriri mai tulin gashi, ƙwallo a ƙarƙashin ƙafarsa. Aka kira su ɗaya bayan ɗaya a lasifika. Da aka ce Jidar, sai tsofaffin ɗalibai suka miƙe tsaye suna tafi. Ya karɓi lambarsa, ya miƙa wa 'yarsa Nuha, wadda ke zaune kusa da uwarta da waya a hannu tana ɗaukar komai.

An fara wasa lafiya. Yaran suna rage gudu don girmama manya, manyan kuma suna yi kamar ba su lura ba. Wata ƙwallo ta zo ta sama, Abdulghani ya tashi ya doke ta da ka, jama'a suka yi shewa. Ya ji jininsa ya motsa irin na da.

A gefen da yake tsarewa aka sa wani ɗalibi mai suna Yazan, ɗan siriri, ƙafafu kamar sanduna, amma in ya riƙe ƙwallo sai ka ce ɗaure ta ya yi da zare. Karon farko da gudu ya wuce shi. Abdulghani ya bi shi, numfashinsa ya ƙi. Karo na biyu Yazan ya tsaya cak a gabansa, ya karkata kafaɗa, Abdulghani ya buɗe ƙafa zai tare, sai ƙwallon ta bi ta tsakanin ƙafafunsa. Ya juya da sauri, sabon takalmin ya zame, ya zauna daɓas a kan ciyawa.

Filin ya ɗauka gaba ɗaya. "Kubri! Kubri!" Haka ake kiran wannan yankan a Jidda, kuma babu abin da mai tsaron baya ya tsana kamarsa. Ɗalibai suna tsalle, wayoyi duk a sama. Har abokan wasansa tsofaffi suna riƙe da ciki don dariya.

Yazan ya dawo ya miƙa masa hannu yana murmushi. "Ma'alesh, ya ammi," ya ce, wato yi haƙuri, baffa.

Abdulghani bai karɓi hannun ba. Ya tashi da kansa, ya kakkaɓe wando. Murmushin nan ya tsaya masa a rai. Kunnuwansa suka yi zafi, bai ƙara jin lasifika ba, bai ƙara ganin kowa a filin ba sai yaron.

Ba a jima ba ƙwallo ta sake zuwa wa Yazan. Ya taɓa ta sau ɗaya ya ba abokinsa, ya tsaya yana kallon inda ta nufa, nauyinsa duk a kan ƙafar hagu. A nan Abdulghani ya iso ta gefe, ƙafa biyu a gaba, da duk nauyin jikinsa.

Waɗanda ke kusa sun ji ƙarar. Yazan bai yi ihu nan take ba. Ya faɗi, ya kama gwiwa da hannu biyu, ya buɗe baki, sai daga baya kukan ya fito.

Filin ya yi tsit. Alƙalin wasa bai zo da kati ba, don ba wanda ya yi zaton za a buƙace shi, sai ya tsaya da usur a baki bai hura ba. Othman ya sheƙo a guje ya durƙusa kan yaron. Da ya ɗago, ya dubi tsohon abokinsa, ya ce a hankali, "Fita, Abdulghani."

Ya fita. Hanyar ta bi ta gaban hotunan, ta gaban mutanen da suka miƙe masa ɗazu. Ba wanda ya zage shi. Kowa kawar da kai ya yi, suka buɗe masa hanya, ba abin da ake ji sai ƙwas-ƙwas ɗin takalminsa a kan siminti. A mota Maimuna ta juya fuska wajen taga. Nuha ta kife lambar yabon a kan cinyarta har suka iso gida.

Kashegari bidiyon ya gama gari. Wani ya haɗa biyun, faɗuwarsa da ƙetar da ya yi, ya sa musu kiɗa. Ya shiga zauren sada zumunta na tsofaffin ɗalibai, ya shiga na dangi, har wani ɗan'uwansa a Makka ya turo masa yana tambaya ko shi ne. Abdulghani ya kashe waya. Bai buɗe shago ba. Lokacin salla sai ya ɗauki mota ya tafi wani masallaci mai nisa inda ba a san shi ba.

Bayan 'yan kwanaki, Othman ne ya zo har gida. Bai zauna ba, a bakin ƙofa ya tsaya. Ya ce jijiyar gwiwar ta tsinke, an yi aiki, za a daɗe kafin yaron ya taka da kyau. Sannan ya ƙara da abin da Abdulghani bai sani ba: wata babbar ƙungiya ta kira Yazan gwaji a watan gobe.

"Ƙwallo na nufa," in ji Abdulghani bayan Othman ya tafi. A falo ya faɗa, ba tare da ya dubi kowa ba. "Ƙafata ce ta makara. Tsufa ne."

Nuha tana jin Hausa sarai, amma in za ta yi magana sai Larabci ya riƙa shigo mata. Ta ce, "Baba, ni ma na ɗauka a wayata. Ban tura wa kowa ba, wallahi. Amma na kalla. Ƙwallon ta riga ta tafi, halas, ta yi nisa."

Abdulghani ya tashi ya shiga ɗaki. Yarinyar da yake ɗora wa a wuya yana ba ta labarin kofi, ita ce yau ta kasa kallon idonsa.

Maimuna ta bi shi ciki. "Na san uwar yaron," ta ce. "Hausawan Sudan ne, a unguwar Bani Malik suke, mun sha haɗuwa a wajen biki. Jiya na gan ta a kantin magani, na ɓuya a bayan kanta kamar ɓarauniya. Ba zan iya zama haka ba, Abu Nuha. Ka tashi ka je."

"In ce musu me?"

"Abin da ka yi."

Ya je da yamma, riƙe da kwalin dabino. Uban yaron, Fawaz, direba ne a wani kamfani, dogo mai furfura a gemu. Ya buɗe ƙofa, ya gane shi, ya amsa sallama cikakkiya, ya ce ya shigo. Ya zaunar da shi a wuri mafi kyau, ya zuba masa shayi da hannunsa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Abdulghani ya gwammace a ce zaginsa aka yi.

An shimfiɗa wa Yazan katifa a gefen ɗakin baƙin, ƙafarsa miƙe cikin wani ƙarfe mai maɗauri. Ya yi ƙoƙarin gyara zama don girmamawa, zafi ya sa ya cije leɓe.

Abdulghani ya ajiye kofin bai sha ba. Duk hanya yana shirya magana a kan tsautsayi da ƙaddara, amma da ya ga ƙafar sai maganar ta gudu.

"Ba ƙwallo na nufa ba," ya ce. "Kai na nufa. An yi mini dariya, na ji haushi, na zo don in ji maka ciwo. Ban san zai kai haka ba, amma da gangan na zo."

Fawaz ya sauke butar shayin a hankali.

"Na sani, ya ammi," in ji Yazan. Hausarsa a kakkarye take, yana cike ta da Larabci. "Na ga fuskarka kafin ka iso. Koci yana nuna mana tsohon kaset ɗinku. Ni na roƙe shi ya sa ni a gefen da kake tsarewa, don in ce na taɓa bugawa da Jidar. Kubrin nan bai kamata in yi maka ba, a gaban mutane. Laifina ne."

"A'a," in ji Abdulghani. "Kada ka ƙara faɗin haka. Ƙwallo ka buga. Abin da aka kira ka ka yi ke nan."

"Halas, ya ammi. Na yafe."

Abdulghani ya ce zai riƙa kai shi wajen gashin ƙafa duk ranar da ake buƙata. Fawaz ya ce sun gode, suna da mota. Ya raka shi har bakin matakala, a nan ya tsaya ya rage murya.

"Shi ya yafe maka, zuciyarsa fara ce. Ni kuwa tun yana ƙarami nake kai shi fili kafin in wuce aiki. Ka ba ni lokaci, ya akhi. Kada ka dawo sai na neme ka."

Fawaz bai neme shi ba.

Abdulghani ya koma shago, don ba a zama haka. Wasu abokan ciniki suka yi kamar ba su ga komai ba, wasu suka yi masa ba'a, ya haɗiye. Ya kira Othman ya roƙe shi a cire hotonsa daga cikin na gwanayen. Othman ya ƙi. "Wancan kai ka yi shi, wannan ma kai ka yi shi. Ba zan goge maka ko ɗaya ba."

Bayan wasu watanni aiki ya kai shi Bani Malik, wani gida da na'urarsu ta daina sanyi. Azahar ta same shi a can, ya shiga masallacin unguwar a makare, ya tsaya a sahun baya. A ƙarshen sahun gaba akwai kujerun roba da ake ajiye wa tsofaffin da ba sa iya sujada. Da liman ya yi kabbara aka tafi ƙasa, sai idon Abdulghani ya faɗa can. Tsakanin wani dattijo mai sanda da wani mai rawar hannu, ga Yazan zaune a kujera, ƙafar hagu a miƙe, yana sunkuyar da kai kawai.

Abdulghani bai san abin da ya karanta a sauran sallar ba. Ana sallamewa ya yi niyyar sulalewa, amma yaron ya riga ya hango shi.

"Ya ammi!"

Ya taho yana ɗingishi a tsakiyar jama'a, ya kama kafaɗarsa, ya sumbaci kansa kamar yadda ake yi wa uba. Ya ce likita ya ce ƙafar tana kyau, durƙuso ne kawai har yanzu ya gagara. Ƙungiyar nan ta ɗauki wani, amma koci ya ce wurinsa a kwaleji yana nan in ya warke. Yana magana yana murmushi, Abdulghani kuwa tabarmar masallacin kawai yake kallo.

Suka fito tare. A bakin ƙofa Yazan ya jawo takalminsa na motsa jiki da yatsun ƙafa, ya dafa bango, ya yi ƙoƙarin sunkuyawa, gwiwar ta ƙi. Abdulghani ya durƙusa a kan tayil mai zafi, ya ɗauki takalmin, ya sa masa a ƙafa.

"La, la, ya ammi, aib ne, tashi," in ji yaron, yana neman janye ƙafar.

"Tsaya," in ji Abdulghani.

Masallata suna ta wucewa ta gefensu, wasu suna waiwaye. Ya ɗaure igiyar, ya ga ta yi tsauri, ya kwance ya sake ɗaurawa a sassauce. Sannan ya jawo ɗaya takalmin.