Kwagirin Darakta Morisset

A shekarun da nake rawar bale, rawar nan ta Turawa da ake yi a kan yatsun ƙafa, a wani ƙaramin gidan wasa da ke Paris, ban ga mai kishin tsawon siket kamar Darakta Morisset ba. Dogon mutum ne, ya ba sittin baya, gashin bakinsa kullum a murɗe. Tun yana saurayi ya ga 'yan rawa cikin farin siket mai sauka har sharaɓa, suna yawo a dandamali kamar hazo, daga nan ya yanke wa kansa cewa haka aka halicci bale. Ko sunan da 'yan kallo suka laƙaba wa siket ɗin, wato tutu, bai yarda a faɗa a gabansa ba, wai maganar 'yan iskan layin gaba ce.

Kowace Litinin da hantsi yakan hau ɗakin ɗinki. Madam Ursule, shugabar teloli, ta shimfiɗa masa siket-siket ɗinmu a kan tebur, sun sha sitaci sun yi tsaye ninki-ninki, shi kuma ya ɗora kwagirinsa a kai. Akwai zoben azurfa a ƙarƙashin mariƙin. Zoben ya zauna a ƙugun siket, gindin kwagirin ya taɓa bakinsa. Wanda ya gaza, sai a warware a sake.

Apolline ce tauraruwarmu. Kyakkyawa ce, ta kuma san da haka, ga baki kamar reza. Wata Asabar ta je wani gidan wasa kallon wata mai rawa 'yar Italiya da gari ya ɗauka, ta dawo ranta a ɓace.

"Madam, kin ga abin da matar nan ta sa?" ta ce, tana nuna saman gwiwarta. "Nan ya tsaya. Duk juyin da ta yi ana ganin ƙafarta, jama'a kamar su rushe ginin. Mu kuwa muna nan cikin labule kamar gadon kakata."

"Ki je ki faɗa wa Darakta," in ji Madam Ursule, bakinta cike da allurai.

Ta je. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "'Yata, a Italiya ma taliya suke ci safe da yamma. Mu ma sai mu koma?"

Ta fito tana huci. Amma kafin la'asar sai ga ta tana murmushi, ta ja Madam gefe.

"Ai ba siket yake aunawa ba, kwagiri yake bi. Idan kwagirin ya rage fa?"

Darakta yakan yi ƙailula bayan abincin rana, ya jingine kwagirin a bakin ƙofar ofishinsa. Apolline ta sauka ƙarƙashin dandamali wurin Baba Anselme, tsohon kafintanmu, da ɗan ƙunshin taba a hannu.

"Baba, faɗin yatsa ɗaya kawai. Ka cire ƙarfen gindin, ka yanke, ka mayar."

"Ke yarinya, so kike a kore ni da tsufana?"

"Wa zai kore ka? In ba kai ba wa ya san igiyar da ke riƙe da gajimaren katakon can na saman dandamali? Ranar da ka tafi a kanmu zai faɗo."

Baba Anselme ya sunsuna tabar, ya ɗauko zarto.

Haka aka shiga yi duk mako. Kafinta ya yanke faɗin yatsa a ƙasa, tela ta yanke faɗin yatsa a sama, Litinin ta zo zobe ya zauna daidai, Darakta ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, Madam. Ke kaɗai kika rage mai tsoron Allah a garin nan." Madam Ursule takan sunkuyar da kai ta ce ta gode.

Sannu a hankali Darakta ya fara tafiya a karkace. Da farko murna ya yi. Ya tare mu a matakala yana cewa tsawo yake ƙarawa, a danginsu haka ake yi, kawunsa ma sai da ya haura saba'in ya daina girma. Bayan nan ƙugu ya kama shi. Matarsa ta kai shi wurin likita, likita ya hana shi cuku da jan nama, ya ɗora shi a kan romon ganye. Mutum ya dawo yana zagin kowa saboda yunwa, yana dogara kwagirin nan kamar mai neman abin da ya faɗi a ƙasa. Mu kuwa in ya wuce sai mu cusa fuska a tawul.

Abin da ya tona asiri tagar ofishinsa ce. Tana can sama, da kwagirin ya saba tura ta. Da zafi ya fara shigowa ya miƙa zai buɗe, kwagiri ya ƙi kaiwa. Ya yi ɗage, bai kai ba. Mai shara ta ce ya daɗe a tsaye yana duban sandar, sannan ya juya gindinta, ya ga sabon yankan zarto a gefen ƙarfen.

Mun jira tsawa, ba ta zo ba. Washegari ya shigo wurin gwaji da tabaran hangen nesa irin na 'yan kallo, ya zauna a layin gaba, inda bai taɓa zama ba. Aka buga kiɗa, muka yi rawa, siket-siket ɗinmu a saman gwiwa. Da aka gama ya sauke tabaran.

"Madam Ursule," ya ce, "a bar su haka. In da hali ma a ƙara ɗagawa."

Apolline ta dube mu tana ɗaga gira.

"Shekara da shekaru ina biyan ƙafafun da ban taɓa gani ba," ya ci gaba. "Yau na gani. Apolline, 'yata, tun yaushe kike juyi da gwiwar hagu a lanƙwashe?"

Mu da muke canja kaya ɗaki ɗaya da ita mun daɗe da sani, amma dogon siket ya rufa mata asiri.

"Yallaɓai, yau ne kawai, na ɗan gaji."

"To, ki huta a layi na biyu." Ya juya tabaran can baya. "Waccan mai jan gashi, wa take?"

Noémie ce, yarinyar da ba ta cika magana ba, ƙafarta miƙe kamar an ja zare. A ranar aka fito da ita gaba. Sauranmu ma ba mu tsira ba. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, wannan gwame, waccan ba ta miƙe yatsu, ni kuma wai ina sauka kamar buhun dankali. Aka ƙara mana atisayen safe.

Da yamma Apolline ta hau ɗakin ɗinki.

"Madam, don Allah ki ƙara min ko tafin hannu ne."

"Ni yankewa na iya," in ji Madam Ursule. "Guntayen kuma na cusa wa jikata a matashi."

Apolline ta yi fushin mako guda, ba ta gaishe da kowa. Daga nan ta fara riga kowa zuwa, ta ɗora ƙafar hagu a kan sandar atisaye tana danna gwiwar, tana tsine wa Italiya da duk wanda ke cikinta. Noémie ce ma take riƙe mata diddige, ita kuma tana ce mata, "Danna da kyau mana, ɓarauniya." Kafin sanyi ya dawo gwiwar ta miƙe. Darakta ya duba ta cikin tabaransa, ya ce, "Ba laifi," ya raba musu rawar gaba su biyu.

Abin da bai yafe ba romon ganyen ne. A walimar ƙarshen shekara an zuba wa kowa gasasshiyar agwagwa, amma Apolline da Madam Ursule da Baba Anselme kwano uku na romon alayyafo aka ajiye musu, Darakta ya zauna kusa yana tambayarsu ko gishiri ya ji. Baba Anselme ya shanye nasa, ya jawo na Madam.