Akwatin da Sumaila Ya Yi wa Babansa

A ƙarshen 1969 gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar Ghana. Boukari, dillalin shanu a Zongon Kumasi, yana cikinsu. Ya shirya komawa Dosso ta Nijar, ya kuma yanke cewa ɗansa Sumaila zai bi shi. Dokar ba ta shafi Sumaila ba, don uwarsa Badagomba ce, 'yar Ghana, amma Boukari bai ga amfanin barinsa ba. Shekara biyu ke nan yaron yana koyon aikin kafinta wurin Masta Wahabu, kullum sai shara da riƙe katako.

Boukari ya taka har shagon da kansa.

"Masta, na zo ɗaukar ɗana. Na ba ka shi ya koyi sana'a, ka mai da shi tsintsiya."

Wahabu ya dube shi sama da ƙasa. "Mai shanu, kai da sayar da bijimi ka fara? Kayan naka ma a me za ka zuba, a buhu?"

"Ina ruwanka?"

"Sumaila! Ɗauki zarto ka yi wa babanka akwati. Ba zan sa hannu ba."

Boukari ya zauna a benci, fuska a ɗaure. Sumaila ya auna, ya yanka, ya fitar da haƙora a bakin kowane katako, ya cusa su cikin juna. Bai nemi ƙusa ba, bai kuma ɗaga kai ya dubi kowa ba.

Da la'asar akwati ya tsaya. Boukari ya duba shi yadda yake duba bijimi a kasuwa: ya bubbuga, ya girgiza, sannan ya tuɓe takalmi ya hau kai da duk nauyinsa. Akwatin ko ƙara bai yi ba.

"Yaushe ka koya?"

"Ina shara ina kallo, Baba."

Boukari ya juya ga Wahabu. "Me ya rage masa?"

"Ƙofa da taga. Kujerarsa ma har yanzu gurguwa ce."

"To ya zauna ya gama. In ya yi wasa, kai ne ubansa."

Ranar tafiya, a tashar mota, wani mai lodi ya shafa kusurwar akwatin ya tambayi wanda ya yi.

Boukari ya ce, "Ɗana. Kuma bai ma gama koyo ba."