Tumatir a Bakin Indararo

A ƙauyen su Enkarna da ke jikin dutse a Almeriya, rufin soron kowa shi ne tsakar gidan maƙwabcinsa na sama. Shi ya sa da ruwa ya sauka bayan wata bakwai ana shan rana, ɗakin girkinta ya kama yoyo, ba ta yi wata-wata ba ta ɗora wa maƙwabcinta na sama, Fermin, laifi.

"Kai da kujerar nan taka mai ƙafa kamar ƙusa! Kullum kana zaune a kaina, ga shi ka huda min rufi."

"Haba maƙwabciya, rana ce ta tsattsaga yaɓen. Ni nauyina nawa yake?" in ji Fermin.

Duk da haka ya ɗauko buhun yumɓu, ya bi tsagogin rufin yana cikewa yana dannewa da ƙafa. Da ya isa bakin indararo sai ya fashe da dariya. Wani ƙosasshen tumatir ne ya tsiro a ciki, saiwarsa ta toshe hanyar ruwa. Daidai nan Enkarna take shanya tumatir, rarar ruwan shukokin Fermin kuwa nan take gangarowa.

"Hawo ki ga mai laifi! In tuge shi?"

Enkarna ta hawo tana haki, ta ga 'ya'ya tara manya-manya har sun fara ja.

"Taɓa shi ka gani," ta ce.

Mako biyu tana tara bokiti a ƙarƙashin yoyon a ɗakin girki. Da suka nuna, ta aika masa da uku, ta zaɓi ƙananan.