Rawar Hannun Imiina

A ƙasarmu ta ƙanƙara, can ƙarshen arewacin duniya, rana kan ɓace na watanni. Mahaifina ya rasu cikin watannin duhun nan, ni kuma na haihu rana na dawowa. Mace na haifa, amma aka sa mata sunansa, Imiina, don a wurinmu suna ba ya jiran namiji. Wanda ya ɗauki sunan mamaci, mamacin ne ya dawo gida. Shi ya sa nake ce wa 'yata Baba, Innata Atangana kuma take ce mata maigida, ba da wasa ba.

Maigida kuwa ba a ba shi abincin yara. Abin da Baba ya fi so a duniya shi ne hantar manyan tsuntsayen teku, a daka ta da ganyen nan mai tsami da ke fitowa a gindin tsaunin da suke sheƙa. Tun yarinyar na da haƙora biyu Inna take ɗura mata shi. Idan na yi magana sai ta harare ni.

"Ke Tukummeq, yaushe kika fara auna wa ubanki abinci?"

Imiina na shekara biyar hannunta ya fara rawa. Cokali take ɗagawa, romo ya zube kafin ya kai baki. Haka hannun Baba ya yi a shekarunsa na ƙarshe, har da ɗan karkatar kan nan zuwa hagu. Inna ta gani ta fashe da kukan murna. Ta dafa gahawa, ta kira maƙwabta, aka cika ɗaki ana kallon yarinya tana zubar da romo.

"Wallahi shi ne," in ji su. "Tsoho, ko rawar ba ka bari a can ba?"

Aka yi ta dariya. Ni ma na yi, amma tsoro ne fal cikina.

Akwai wata mai bincike, Birthe, da take zuwa mana duk shekara a watannin da rana ba ta faɗuwa. Aikinta ta hau gindin tsauni ta ɗebi ƙasa da gashin tsuntsaye a 'yan kwalabe. Ƙasar wurin kuwa duk kashin tsuntsaye ce, shi ya sa muke ce mata mai sayen kashi, tana amsawa. A bana ta shigo shan gahawa, ta ga Imiina na kokawa da kofi, sai fara'arta ta ɗauke. Ta ja ni waje ta roƙi 'yan silin gashin yarinyar. Na yanko daga ƙeya, inda Inna ba za ta lura ba.

Bayan makonni ta same ni a bakin ruwa. Ta ce zaiba da dalma, ƙarafa masu guba, suna tasowa daga ƙasashe masu nisa, iska da ruwa su kawo su tekunmu. Kifi ya ci, tsuntsu ya ci kifi, abin ya taru a hantarsa, saura ya fita a kashi ya zauna a ƙasar tsaunin. Ta ce abin da ta gani a gashin Imiina ya yi wa ƙaramin jiki yawa, a daina ba ta hantar yau, a sa ta a jirgi na gaba mai kai marasa lafiya asibiti.

Na faɗa wa Inna. Ko ɗago kai ba ta yi ba daga fatar da take ɗinkawa.

"Asibitin ne ya cinye min shi karon farko. Yanzu ya dawo da ƙafarsa, mai sayen kashi ta ce ciwo ne. To ba inda za shi."

Washegari ta ɗauki jakarta za ta tsinko ganye, na bi ta. Gindin tsaunin nan kore ne shar, shi kaɗai a duk ƙasarmu ta duwatsu, kuma kullum kukan tsuntsaye ba ya barin mutum ya ji maganar na kusa da shi. Ranar ma suna ta yi a sama. A ƙasa kuwa, cikin ciyawa, wani babban farin tsuntsu yana tsaye shi kaɗai. Muka matso bai tashi ba. Yana son ya tsinci wani abu a gabansa, bakin yana kaucewa. Fiffikensa na rawa, kansa ya karkata hagu, idonsa a kanmu.

Muka daɗe a tsaye. Bakina ya riga hankalina.

"Inna, shi ma sunan Baba aka sa masa?"

Na jira mari, bai zo ba. Ta sunkuya ta ci gaba da tsinkar ganye har jakar ta cika, muka sauko. Na riga na yanke cewa ko da faɗa sai na sa yarinyar a jirgi, in ya so Inna ta tsine min.

A gida ta daka hantar kamar kullum, ta zuba a kwanon Baba. Imiina ta taho da gudu ta zauna, ta miƙo hannun nan mai rawa. Na yunƙura zan fizge kwanon, sai Inna ta riga ni, ta janye shi gabanta. Mu ba ma zubar da abin da aka kashe domin ci. Ta sa hannu ta fara ci ita kaɗai, loma bayan loma, ba ta kalli kowa ba.

"Nawa ne," in ji Imiina.

"Yau ba naka ba ne, maigida."

Ba a taɓa hana ta ba tunda aka haife ta. Ta faɗi ƙasa tana birgima, tana shure-shure, majina har baki. Inna ta suɗe kwanon tas, ta zauna tana kallonta kamar yau ta fara ganinta.

"Shekara arba'in ina tare da ubanki, ban taɓa jin ya yi kuka haka ba," in ji ta a hankali. "Wannan yarinya ce. Tashi ki haɗa mata kaya."